Tubar Kawuna a Gaban Alƙali

Da asuba muka tashi daga Boɗinga, ko addu'ar bayan salla ban tsaya na ƙarasa ba. Mu biyu ne, ni da wani lauya matashi da ya kwana a gidana don kada mu makara. Shagari muka nufa, inda za a gurfanar da kawuna, yayan innata, dattijon da ya haura saba'in, manomin albasa a Kajiji. Rudun maƙwabcinsa ne ya ƙone, wato rumfar da ake jibge albasa a ciki har ta yi tsada, kuma da ma akwai tsohuwar rigimar iyakar gona a tsakaninsu. Aka ce shi ya cinna wutar. Kwanansa huɗu a hannun 'yan sanda, babu wanda ya sa shi a ido a cikinmu.

A tasha muka tarar da mutane jingim, mota ɗaya tak. Tun da aka shiga wannan tsuke bakin aljihu, taya ta zama abin nema, rabin motocin garinmu suna kan duwatsu. Muka zauna wurin mai shayi muna jiran a gama loda wa akori-kurar kaya. Na ce a sa mini madara, ya kalle ni sheƙeƙe ya ce in na san inda take in sayo masa. Haka muka kurɓi ruwan bunu da guntun burodi.

A nan lauya ya yi mini bayani. Ya ce abu na farko a kotu, za a karanta wa mutum tuhuma a tambaye shi ko ya aikata. In ya amsa laifi, shi ke nan, ba sai an kira shaida ba, alƙali na iya yanke hukunci nan take, kuma laifin sa wuta shekaru ne a kurkuku. Don haka dole mu ga Kawu kafin a zauna, mu gaya masa ya ce bai aikata ba, ya ja bakinsa.

Jama'a, ni fa na san kawuna. Mutum ne da in ka taka shi a masallaci shi zai ce ya tuba. Ko hakimi ne ya aiko a kira shi kan zancen alheri, tun daga ƙofa zai tuɓe takalmi ya durƙusa da "na tuba". A wurinmu wannan ladabi ne, haka ake buɗe magana da babba. Na tambayi lauya yadda takardar kotu za ta ɗauki kalmar. Sai ya duba agogonsa.

Kuɗin mota ya ninka na bara, ban ko yi ciniki ba, ni da aka sani da jayayya kan sisi. Muka cusu a baya tsakanin buhunan gero da wata akuya mai tauna gefen rigar lauya. Mun ɗan wuce Sifawa ke nan taya ta yi bindiga. Safayar da direba ya ciro ta fi tafin hannuna santsi. Fasinjoji suka baje a gindin bishiyar bedi suka ɓarke da gardamar zaɓe, kowa na rantsuwa jam'iyyarsa ce za ta dawo da shinkafa. Ni kuwa rana nake kallo tana hawa. Na yi wa direba tsawa, ya ce in ina sauri ga hanya nan. Allah ya sa lauya ya riƙe ni.

Wajen Lambara kuma shingen 'yan sanda, aka sauke mu ana lalube buhuna ko an ɓoye kayan masarufi. Mata masu fura suka kewaye mu, ko kallonsu ban yi ba. Kawu kawai nake hangowa cikin kayan fursuna, mutumin da ko Sakkwato bai taɓa kwana ba.

Goma ta gota muka shiga Shagari. Da gudu muka isa kotu, lauya na sa baƙar kwat ɗinsa a hanya. Mun makara. Kawu na tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma, ya rame, ba hula, magatakarda na ƙarasa karanta tuhumar. Alƙali ya ɗago ya ce, "Ka ji abin da aka ce ka yi. Mi ka ce?"

Kawu ya zube ƙasa har ba a ganin komai sai ƙeyarsa. "Ranka shi daɗe, Allah shi ba ka nasara, na tuba."

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya rufe fayil ɗinsa, alƙali ya sunkuya ya fara rubutu. Sai lauya ya miƙe, yana haki, ya gabatar da kansa, ya roƙi kotu ta tambayi tsohon abin da ya tuba a kai. Alƙalin ya ajiye alƙalami, ya juya wurin Kawu.

"Baba, tashi tsaye. Kai ka sa wa rudun wuta?"

"Ni? Subhanallahi! Ranar ina maƙabarta wurin zana'ida."

"To tubar mi kake yi?"

"Ranka shi daɗe, babba kamarka ya bar aikinai ya zauna sabili da ni."

Aka yi 'yar dariya a kotun, ni hawaye ne suka zubo mini. Alƙali ya soke layin da ya fara, ya rubuta bai amsa laifi ba. Amma ya hana beli sai ya ji shaidu, ya ɗage zama zuwa mako biyu.

Kafin a sa Kawu a mota aka ba mu minti biyu. Na zaci zai sa mini albarka. Ina! Faɗa ya rufe ni da shi, wai mun kawo yaro mai baƙar riga ya sa shi musu da alƙali a bainar jama'a.

A hanyar dawowa mota ba ta ba mu matsala ba, lauya ne ya ba ni. Ya ce zama na gaba ya fi wuya, mai gabatar da ƙara zai tsare Kawu da "ba haka aka yi ba?" sau ashirin, kuma duk "haka ne, ranka shi daɗe" da ya faɗa sai an rubuta.

Da la'asar na iso gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini, ladabin da aka raine mu da shi ba shi da mazauni a takardar kotu, abin da bakinka ya furta shi ne naka. Duk mai tsoho a hannun hukuma ya riga alƙali isa wurinsa.

Na zayyana wa Inna komai, na ce dole mu koya wa Kawu cewa a'a. Ta ce, "Shekara saba'in bai taɓa ce ma babba a'a ba. Wa za ya koya mai cikin sati biyu?"