Jirgin da ke tsayawa a kan jelarsa

A gareji na fara ganin bidiyon, a wayar wani abokina. Jirgin yaƙi ne ya taho a guje, sai ya ɗaga hanci ya tsaya cak a kan jelarsa kamar kumurci ya fasa kai, sannan ya kwanta ya wuce abinsa. Na yi ta maimaitawa har abokina ya ce zan cinye masa caji.

Tun a aji biyu na sakandare na bar makaranta, amma duk Sabon Gari ba wanda ya kai ni ɗaga tayar babur. Sai na sa a raina irina sojan sama suke nema. Na ari wayar na tafi Utai wajen Kawu, wanda ya yi ritaya daga aikin sojan sama, ko zai yi min hanya.

Na same shi yana ba tumaki dusa. Bayan mun gaisa na miƙa masa wayar, ya kalla sau ɗaya.

Ya ce, "Wannan ai wasan sallah ne, ɗan nan. Ranar yaƙi ka tsaya haka gudunka ya ƙare, ka zama kurciya a kan katanga. Mai harbo ka ma ba ka ganinsa, yana can kamar nan da Kano."

"Amma Kawu, ina da hannu fa."

"Biri ma yana da hannu. Lissafi suke so. Ina takardarka?"

Ya miƙo min wayar, ya haɗa min da kwanon dusar, ya tafi alwala. Na daɗe a tsaye a wajen, tumaki suna ta ture min gwiwa.