Sunan da Ya Kuɓuce Mini a Cikin Jirgi

Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi. Sana'ata dillancin shanu a kasuwar Mai'adua, sana'ar da jarinta baki ne. Duk Daura an san bakina ba shi da linzami. Na yi wa liman laƙabi, na yi wa mai unguwa, surukaina ma ban ƙyale su ba. Kalma ɗaya ce ban taɓa furtawa ba, sunan ɗana na fari.

Haka muka taso. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yabonsa. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta goya shi ta tsallaka Kongolam zuwa garinsu a Nijar. Can ya yi makarantar Faransanci, karatu ya yi ta jansa har Faransa, ya zama matuƙin jirgi. Ni ina ce masa na wajen Inna. Shi yana ce mini Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Uwarsa ta fi ni tsanani, ko takwaransa ne ya yi sallama sai ta ce mai sunan nan ya zo.

Da Shari'a ta zo, samarin malamai suka cika gari da wa'azi, har suka taɓo wannan. Wai kunyar ɗan fari ba ta cikin littafi, wai mu riƙa jan 'ya'yanmu a jiki. Ni na tsaya musu a majalisarmu ta ƙofar gida. Na ce wa ɗayansu, "Malam, kai da ubanka ya ja ka a jiki, ga shi ko kuɗin cikon wando bai ba ka ba." Aka yi ta dariya. Na dafa ƙirji na ce har a kai ni kabari ba mai jin sunan nan a bakina.

Sai yanar ido ta rufe mini gani. Na wajen Inna ya sa aka kai ni wurinsa a Faransa aka yi mini aiki, daidai lokacin sanyinsu. Da ido ya buɗe, matarsa, wata 'yar Sandamu mai ladabi, ta durƙusa ta ce, "Baba, ya ce ko za ka so ka ga inda yake aiki." Ta bakinta muke magana ko yana zaune a ɗakin. Na ce, "Gaya masa ba abin da nake yi."

Aikin nasa kuwa shi ne, masu kuɗinsu suna son hawa kan duwatsu in ƙanƙara ta lulluɓe su, su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su sulalo ƙasa, su biya a mai da su sama, su sake sulalowa. Abin da muke dukan yara a kai in sun yi a gangaren kududdufi. Shi ke kai su a ƙaramin jirgi.

Na zaci irin wanda ya kai mu Makka ne. Na tarar da abu kamar akori-kura an liƙa masa fiffike, farfela ɗaya a hanci, kujeru huɗu. Sai da ya ɗora mu a sikeli, ni da na ƙare rayuwata ina faɗin nauyin bijimi da ido. Ya zagaya jirgin yana shafawa, yana leƙa ƙarƙashinsa, yana kankare ƙanƙarar fiffike, kamar mai sayen saniyar da bai yarda da dillali ba. Abin ya burge ni, don haka na kau da kai.

Saboda nauyi ya daidaita aka sa ni gaba, kafaɗata tana gogar tasa. Tun da aka haife shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Matarsa tana baya. Ya kifa mini wani abu a kai mai rufe kunnuwa, da ɗan ƙarfe da ya lanƙwaso gaban leɓena. Ya yi bayani, ban saurara ba, domin sauraron bayanin ɗan fari ma kula shi ne. Da na ji muryarsa a kunnena yana Faransanci da mutanen ƙasa, sai na ce a raina, to, rediyo ce.

Da farko lafiya. Gonaki suka ƙanƙance, gidaje suka koma kamar kwalin ashana. Sai duwatsu suka taso, farare fat, har sabon idona yana hawaye. Muka shiga tsakaninsu, wasu sun fi mu tsawo. Nan iska ta fara wasa da mu. Ta cilla mu sama, ta sake mu. Titin Mashi da damina a kan babur bai kai rabin wannan ba.

Ya ce, "Yaya, titin da za mu sauka gajere ne, a jingine yake da dutse. In na doshe shi babu fasawa. Kada a taɓa komai."

Na duba gaba ban ga titi ba, sai wani ɗan baƙin zare a jikin farin bango, kuma bangon muke tunkara. Na saci kallonsa. Gumi a goshinsa cikin wannan sanyi, ya cije leɓe irin yadda nake yi in ciniki ya ƙi. Ban taɓa sanin yana da wannan cizon leɓen ba.

Ban yi ihu ba. Na yi kalmar shahada, sannan ƙasa-ƙasa, yadda na tabbata ƙarar inji za ta haɗiye, na ce, "Ya Allah, in ɗauka za ka yi, ɗauke ni, na ci nawa. Ka bar mini wane." Ba wane na ce ba. Sunan na faɗa, na yanka, wanda aka raɗa masa. Na maimaita. Har na ƙara da cewa ɗana ne, ban taɓa gaya masa komai ba.

A cikin kunnena, tar, wata siririyar murya ta ce, "Amin, Baba."

Na waiga. Yarinyar ta toshe baki da hannu biyu. Sai a lokacin na gane aikin ɗan ƙarfen da ke gaban leɓena.

Taya ta taɓa ƙasa, jirgin ya haura gangaren da gudu, ya tsaya. Da dutsen ya tsage a lokacin, da na shige. Shi kuwa ya yi ta latse-latsen maɓallai, har waɗanda nake zaton ya riga ya kashe. Da muka fito ya miƙo mini hannu, idonsa a ƙasa, ya ce, "Yaya, a kula, da santsi." Na ture hannun. Taku na biyu na zauna daɓas, na sulala da babbar riga har gaban wasu 'yan yaran Turawa, hulata ta riga ni isa. Shi ya zo ya ɗaga ni, kuma na bari.

Wannan faɗuwar ita nake ba wa 'yan majalisa, kullum ina ƙara mata tsawo. Ɗayar ba su ji ba. Sun dai lura in malamin nan ya ɗauko zancen ɗan fari, sai in tuna ina da alwala da zan sabunta.

Uwarsa ce ban tsira daga gare ta ba, ashe surukar ta yi mata waya. Ranar da na dawo, bayan 'yan barka da zuwa sun watse, ta ajiye mini fura ta zauna nesa tana tsince shinkafa. Na shirya wa gori. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, da ka faɗa, yaya ka ji shi a baki?"

Na ce furar nan ta yi tsami. Ta ce yanzu ta dama ta.