Malam Fidelis Andarawus da Rigimar Minti Shida

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Fidelis Andarawus a garin Salka a shekarar 1971. Mahaifinsa Andarawus manomin dawa ne, mahaifiyarsa Turai kuma mai sana'ar daddawa. Ya yi firamare a Salka da sakandare a Kontagora, daga bisani ya karanci ilimin kwamfuta a Minna, ya kammala a 1997.

Aiki da aure

A 1999 ya kama koyarwa a wata makaranta a Kontagora, aka damƙa masa ɗakin kwamfuta. Ya auri Mercy, 'yar Kasuwan Garba, a 2001, kuma an ce ita kaɗai ke iya tayar da shi daga gaban na'ura ya ci tuwo da zafinsa.

Rigimar agogo

A 2016 makarantar ta soma yin jarrabawa a kan tsofaffin kwamfutoci talatin da biyu. Ɗalibai suka yi ta kukan ana rufe musu shafi ba su gama ba, malamai suna cewa ragwanci ne kawai. Malam Fidelis ya ajiye agogon hannunsa ya auna, ya tarar a jarrabawar awa biyu na'ura na cinye wa yara minti shida. Laifin yana cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta: da an kunna na'ura takan auna saurin bugun firosesa, wato ƙwaƙwalwarta, don ta riƙa ƙirga lokaci da shi, a waɗannan na'urori kuwa awon ba ya fita daidai.

Ya gyara na makarantarsa, amma hankalinsa bai kwanta ba saboda sauran cibiyoyi masu irin na'urorin, waɗanda ba su ma san ana tauye yaransu ba. Saboda haka ya aika gyaran ga masu kula da kanel ɗin, mutanen ƙasashe daban-daban masu muhawara ta imel. Babbansu ya ƙi karɓa, ya ce layi ɗari uku ne na faci a kan faci, wanda ba mai iya kula da shi nan gaba. Malam Fidelis ya amsa cewa kyan rubutu ba zai mayar wa yarinya tambayoyin da ba ta kai gare su ba. Jama'a suka rabu biyu. Sau tara yana sake rubutawa, sau tara ana dawo masa da shi.

A 2018, daidai lokacin da babban ya fara sassautowa ga rubutu na goma, wata matashiya mai suna Lubna ta gano tushen matsalar, ta warware ta da layi goma sha biyu. Sai dai ba ta da na'urorin gwaji, a cikin masu muhawarar Malam Fidelis kaɗai ke da su. Da a ce ya yi shiru, da nata ya mutu, nasa ya shiga da sunansa. Ya ƙarar da hutun zango yana gwada nata a kan duka talatin da biyun, sannan ya rubuta musu: "Nata ya fi nawa. Ku ajiye nawa, ku ɗauki nata." Aka karɓa, sunansa ya fito can ƙasa a matsayin mai gwaji kawai.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Maris, 2023, bayan doguwar jinyar hawan jini, aka binne shi a Salka kusa da mahaifinsa. A wurin sujada an karanta ta'aziyyar Lubna, wadda bai taɓa ganin fuskarta ba, aka fassara wa tsofaffi. Ya bar matarsa Mercy da 'ya'ya huɗu: Philip, Zinariya, Fure da auta Andarawus. Allah ya ji ƙansa.