Rula da Haruffan Yayansa

Ƙanin mijina mai rubuta allunan shaguna ne, kamar yayansa, wato mijin nawa, Allah ya jiƙansa. Wuri ɗaya suka koyi aikin, amma hannu ba ɗaya ba. Shi ƙanin ba ya taɓa buroshi sai ya auna ya ja layi, shi ya sa ake ce masa Rula. Haruffansa a tsaye suke ƙyam kamar sahun salla. Na marigayi kuwa wasa suke yi: wannan da tumbi, wancan ya karkata kamar zai yi wa maƙwabcinsa raɗa, wani da jela a nannaɗe.

Masu alewa da masu aski da masu kayan yara, marigayi suke nema. Kantin magani da allon gargaɗi, Rula. Marigayi da kansa yakan ce, "Rubutuna ba na wurin ciwo ba ne, ku je wajen ƙanina." Rula bai taɓa jin wannan a matsayin yabo ba.

"Wa ya taɓa tsayawa gaban kantin magani ya yi murmushi?" in ji shi.

Bayan rasuwar, duk allon marigayi da ya koɗe Rula ake kira, shi kuma sai ya shafe da fari ya jera nasa. Ina ji ina gani. Har ya rage saura ɗaya, bangon makarantar ƙananan yara da nake bi in zan je ɗebo ruwa. Nan nake rage tafiya kullum.

Da na ji an ba shi aikin, na same shi a shago yana dama fenti.

"Matar Yaya, yau kuma laifin me na yi?"

"Ba ka yi ba tukuna. Na ga bokitin farin nan ne."

Ya daɗe yana juya sanda a cikin gwangwani. "Rubutun da ko layi bai iya bi ba," ya ce.

Washegari na tarar da shi a kan tsani, ba fari, ba rula. Yana bin sawun yayansa a hankali, tumbi bayan tumbi, ya cije leɓe kamar mai shan magani. Inda jela ta lanƙwasa, sai na ga hannunsa na son miƙe ta, yana hana shi.

Ya gama ya sauko, muna tsaye, sai ga tela ya zo wucewa. Ya dubi bangon ya girgiza kai.

"Allahu akbar! Hannun marigayi ke nan. Dubi, ko koɗewa bai yi ba. Rula, ina ma ka iya irin wannan!"

Rula ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya juyo.

"Kin ji ko, Matar Yaya? Yau har fentina an ba shi."

Ya saɓa tsaninsa ya tafi, bai jira godiyata ba.