Shaidar da Na Bayar a Kan Shammas Butrus

Shekara takwas ke nan da rasuwar Butrus, kuma har yau idan na ji wani ya ce "Butrus ɗinmu" sai in ce a raina: Naku? Tun yaushe? Na san wannan ba maganar mai furfura ba ce, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Kishin mutumin nan nake yi tun yana raye, kuma mutuwarsa ba ta rage mini komai ba.

Ni Bahaushe ne, Musulmi, haifaffen wani ƙauye a Jazira tsakanin Madani da Kamlin. Butrus Kirista ne, ɗan duwatsun Nuba. Iyayensa sun zo ɗiban auduga suka zauna a kambo, unguwar 'yan ƙwadago da ke bayan babbar tur'ar da ke kawo mana ruwan noma. Mahaifinsa ya yi aiki a hawashar mahaifina, wato gonarsa ta ban-ruwa, mu kuwa muka tashi tare a kan kunya ɗaya. A bakin mahaifiyata ya koyi Hausa, har in ka ji shi ta bayan katanga yana cewa "munka tahi" sai ka rantse jikan Sakkwatawa ne. Bayan mun yi aure, kullum da la'asar sai ya tsallako tur'a mu zauna a ƙofar gidana, in dafa mana jabana, wato gahawa, da citta, mu sha finjali uku uku muna zagin farashin auduga.

Sai mutanen cocinsu suka naɗa shi shammas. Na ji 'yan'uwanmu na Najeriya dikon suke cewa. Da farko na ɗauka sarauta ce, har na yi masa murna ina tsokanarsa da cewa a sayo masa doki. Ashe aikin jaki ne. Shammas ba ya wa'azi, ba ya jan sallarsu. Shi ne mai share ɗakin ibada da jera benci, shi ne mai riƙe makullin ɗakin da ake tara dawar da jama'a suka kawo bayan girbi, ya raba wa gwauraye da tsofaffi. In wani ya kwanta ciwo shi za a kira. In an yi mutuwa shi ne na farko a cikin rami. In mata biyu sun yi faɗa a bakin famfo, shi zai fara saurare kafin ya kai wa dattawa. Duk abin da ya samu a kai shi ne farin ƙyalle da yake ratayawa a kafaɗa ranar Lahadi.

Kuma ba a sakar masa aikin yadda ya ga dama ba. Akwai dattawa uku a kansa, da fasto mai zuwa daga Madani sau ɗaya a wata. Kowace shekara, kafin idinsu na farkon zafi, sukan zauna a kansa. Sai a fitar da shi ya tsaya a gindin bishiya, a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya: matarsa, da wata daga cikin gwaurayen, sannan mutum ɗaya wanda ba Kirista ba. Dokarsu ce, wai mai hidima dole ya zama da suna mai kyau har a wurin na waje. Shammas ɗin ne da kansa ke zaɓen wannan na wajen, kuma shekara goma sha huɗu ni Butrus yake zaɓa. Nakan sa jallabiyata mai guga, in naɗa rawani, in zauna a bencin bakin ƙofa in ce ban san shi da komai ba sai alheri. Su ba ni shayi, in dawo gida ina jin kaina.

Wannan rana ɗaya ce a shekara. Sauran kwanakin kuwa jabana ce ke hucewa. Ba ma gama finjalin farko sai ka ji daga tsallaken tur'a an ƙwala, "Ya Shammas!" Sai ya ajiye ya tashi, ko takalmi bai gama sawa ba. Akwai wata tsohuwa, Marta, wadda na tsana ba tare da ta yi mini komai ba, don ita kaɗai takan kira shi sau uku a mako. Matata Hauwa takan leƙo ta ga finjali biyu da mutum ɗaya, ta ce, "Malam, shanye nashi mana. Mutumin naka yana da masu shi." Ina dariya, amma maganar tana cina.

Yanzu da yaƙin nan ya watsa mutane, rabin kambo babu kowa, tur'a ta cika da ciyawa, ni kaina sai da na yi watanni a Mai Wurno wurin dangi kafin in dawo. Shammas ɗinsu na yanzu da waya yake gaida marasa lafiyarsa, don sun bazu garuruwa. Nakan tambayi kaina me Butrus zai ce. Na san amsar. Da ya ce ba a shafa goshin mai zazzaɓi ta waya, ya ɗauki sandarsa ya bi su gari gari. Da kuma na zauna a ƙofar gida ina jin haushin kowane gari da ya je.

Abin da ya ɓata komai ya faru ne a lokacin alkama. Wanda ya yi noma a Jazira ya san ranar da layin ruwa ya zo kanka ba ranar mutum ɗaya ba ce: ɗaya yana buɗewa, ɗaya yana toshewa. Butrus ya yi mini alkawari tun mako guda. Da hantsi ina tsaye da fartanya ina jiransa, sai ga shi a kan karo, jaki yana ja, Marta kwance a baya an lulluɓe ta. Bai ko tsaya ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malesh, yi haƙuri ya Haruna, asibiti za mu!" Na yi fama ni kaɗai, kunya ta ɓalle, ruwa ya kwanta a kusurwa ɗaya ya kashe ta. Asarar ba wata babba ba ce. Hannun nan da ya ɗaga ne ya tsaya mini. Bayan kwana uku ya zo fuska a sake yana ba ni labarin Marta ta fara shan kunu, bai tambayi alkamata ba.

Da lokacin zaman ya zo, na sa jallabiya kamar kullum. Babban dattijonsu, Kuku, ya yi mini tambayar da ya saba, ko akwai abin da na gani. Na ce, "Mutumin kirki ne. Amma ku je ku duba ɗakinsa. Tun damina rufin ya rufta, matarsa da 'ya'yansa a rumfa suke kwana. Dawarsa ciyawa ta cinye. Rufin kowa ya gyara ban da nasa." Na san abin da nake yi, domin Butrus da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa a wurinsu wanda bai kula da gidansa ba ba ya riƙe hidima. Shekaru na yi ina gaya wa kaina tausayin matarsa ne ya sa ni. Ƙarya ce. So nake su sake shi ya dawo mini.

Dattawan suka tashi a take suka je suka gani. Maryam matarsa, wadda ta riga ta rufa masa asiri a tata shaidar, ta fashe da kuka. Suka yanke cewa ya sauka shekara guda ya gyara gidansa, sannan a sake zama. Suka karɓi makulli da farin ƙyallen, suka ba wani mai suna Yusif.

Washegari da la'asar na zauna ina jiran ko dai ya zo da faɗa ko ya daina zuwa. Sai ga shi ya tsallako, ya zauna a wurinsa. Ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba, ya zol, mutumina. Zuba muna." Iyakar abin da ya taɓa cewa a kai ke nan.

To, na samu abin da nake so. Muka gyara rufin tare cikin kwana huɗu, aikin da ya jira wata takwas. Kullum yana ƙofar gidana, finjali uku cif, ba mai kiransa. Ya bi hukuncin dattawa sau da ƙafa. Ko waɗanda suka lallaɓo wurinsa a ɓoye sai ya tura su ga Yusif. Amma kullum kambo yake fuskanta. In an ƙwala "Ya Shammas!" daga tsallake, sai ya ɗan yunƙura, ya tuna, ya koma ya zauna yana juya finjali a hannu. Marta ta rasu a cikin waɗannan watanni, ya tsaya a cikin jama'a yana kallon wani a cikin ramin. Kuma ku ji irin halina: ko a lokacin ban ji kunya ba, haushi na ji. Ga shi a gefena, kunnensa yana wurinsu. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Kana nan ne ko kana can?" Ya yi dariya ya ce, "Ga ni zaune gabanka. Mi kaka so kuma?"

A wata na goma ya ce da ni, "Saura wata biyu, halas, shi ke nan. Kai za ka koma ka yi shaida, ka jiya? Ka ce musu rufi ya gyaru." Na ce to, kuma wallahi na yi niyya, har na shirya abin da zan faɗa. A makon da ya biyo zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi.

Al'adarsu ce shammas in ya mutu a shimfiɗa masa farin ƙyallensa a binne shi da shi. Da safen jana'izar na je wurin Kuku, na same shi a kan angareb, gadonsa na igiya, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce na zo in janye maganata. Ya dube ni ya ce, "Wace ce ƙarya a ciki, ya Haruna?" Na ce babu. Ya ce, "To me za ka janye?" Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ma hawaye yake yi. Zama sai shekara ta cika, kuma ba a zama a kan mamaci. Haka aka binne Butrus ba ƙyalle, ina tsaye a bayan shinge tare da sauran na waje.

Me ya saura daga gare shi? Tun daga shekarar, da an yi ruwan farko dattawan kan je da kansu su duba rufin shammas ɗinsu, in yana yoyo su tara maza su gyara. Ko bara, da 'yan tsirarun da suka rage, sai da suka yi. Maryam ta ce mini ba mai tuna shekarar da aka sauke shi. A bakin kowa Shammas ne, har jikokin da ba su gan shi ba. Kowa a kambo yana da labarinsa: wannan ta ce ya ɗauke ta a baya ya kai ta titi, wancan ya ce shi ya haƙa kabarin uwarsa a ranar da ƙasa ta yi tauri. Suna faɗa suna murmushi, ni kuwa ina jinsu ina ƙuna, don nasu Butrus ɗin a tsaye yake yana aiki.

Ni wata goma ne rabona. Ni kaɗai na san yadda fuskarsa take idan an kira sunan aikinsa wani ya amsa, domin ni na jawo, kuma a ƙofar gidana aka yi. Ba abin tunawa ne mai daɗi ba. Amma duk kambo ba mai shi sai ni, kuma Allah Ya gafarta mini, ko shi ɗin da ƙyar na yarda na rubuta muku.