Mai Ɗinkin Ƙwaryar Illo da Jitar Bunyaminu

Da an idar da sallar asuba, Malam Na'Allah yakan hura gawayi a gindin tsamiyar bakin kasuwar Illo, ya jera tsinkayen ƙarfensa a wuta, ya zauna jiran ƙwaryar da ta fashe. Matan Fulani su kawo, ya huhhuda gefen tsagar da tsinke mai zafi, ya ɗinke, nono ya zauna ciki ko ɗigo babu. Masu goge ma nan suke kawo nasu. Bana ya daina. Yanar ido ta rufe masa gani, kuma tun da kwanon langa ya cika kasuwa, mai ƙwarya in ta fashe sai ta yar. Ya naɗe tabarmarsa ba wanda ya ce masa sannu. Abin nan ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinsa guda zan faɗa, wanda aka yi a gaban idonmu a shekarar da aka sami mulkin kai.

Akwai ɗan garinmu, Bunyaminu, mai kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa a Kandi, cikin Dahome. Jitar mai lantarki ce, ja, cikinta rami ne kamar ƙwarya. Abin da ya sa ake sonsa, yana karkaɗa tsirkiya da yatsun hagu har ta yi kuka irin na goge. Sai ciwo ya kama hannun. Yatsun suka fara sandarewa, yana iya danna tsirkiya amma ba ya iya karkaɗa ta. Shugaban ƙungiyar ya gaya masa ba kunya, in kukan bai dawo ba kafin bikin mulkin kai, wani za a ɗauka. Bunyaminu kuwa ba gona, ba wata sana'a, ga mata da 'ya'ya.

Ya sa aka sayo masa wani ƙarfe daga Kwatano, wanda ake ɗaurawa a gindin jita ya riƙe tsirkiyoyin. Yana da mariƙi da sifirin. In aka danna mariƙin da hannun dama tsirkiyoyi su saki, in aka ƙyale su ɗame, sautin ya yi rawa. Sai dai dole a huda jikin jitar a ɗaure shi, allon samanta kuwa bai fi bayan ƙwarya kauri ba. Kafintocin Kandi suka ce ba da su ba. Shi ne ya ƙetaro iyaka ya ajiye ta gaban Na'Allah, mu kuma 'yan zaman kasuwa muka yi ta dariya, wai yau mai ɗinkin ƙwarya zai yi wa kayan Turawa kaciya.

Na'Allah bai kula mu ba. Ya kwance tsohon ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyin a gindi, ya ja zare daga kan jitar ya bi ta kan jakin da tsirkiyoyi ke hawa har gindi, don sabon ya zauna daidai tsakiya. Sannan ya ɗauki tsinke daga wuta, yadda ya saba. Abin da ya manta, ƙwarya ba ta da fenti, jita kuwa tana da shi. Ƙarfen na taɓa allon, jan fentin ya tafasa, ya kumbura, ya yi baƙi kamar faɗin tafin hannu. Dariyarmu ta ɗauke. Bunyaminu ya dafe kai, hawaye na zuba.

Da wani ne, da sai ya ce laifin fentin ne. Kai kuwa, Baba Na'Allah, ka ajiye tsinken ka dubi mai kayan.

"Ni niɓ ɓata ta, ɗana," in ji shi. "Wanga tabo ba shi hita har abada. In ka yarda in ƙarasa, in ba ka yarda ba ka ɗauka ka tahi, ban ga laihinka ba."

Bunyaminu ya ce ba shi da inda za shi. Na'Allah ya kankare fentin a daidai inda zai huda, ya zagaye wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Ya feƙe guntun ƙwarya mai kauri, ya shafa mata danƙo, ya zura ta ta tagar da ke jikin allon, ya manne ta daga ciki don kusoshi su sami abin kamawa. Ya yi kwanaki yana wannan, ƙorai suna taruwa, masu su suna ƙorafi. Da aka ɗaura tsirkiyoyi, Bunyaminu ya danna mariƙin, ɗan siririn sauti ya yi rawa. Illo ba lantarki, iyakar abin da Na'Allah ya ji ke nan. Ya gaya masa gaskiya, ƙarfe ba zai mayar masa da hannu ba, kwana kawai zai ƙara masa.

Haka kuwa aka yi. Na ƙetara Kandi na ji shi ranar bikin, ta akwatin ƙara sauti. Jitar ta yi kuka, mata suka yi guɗa, kowa na yabon ƙarfen Kwatano. Ba wanda ya ambaci Illo. Bunyaminu ya ci abinci da ita shekarar nan da ta bayanta, sannan yatsun suka naɗe gaba ɗaya. Yanzu yana gadin wani shago a can, an sayar da jitar.

Kwanan baya na je gaishe da Na'Allah a zaurensa, na ba shi wannan labari. Bai tambayi ko an yabe shi ba.

"Ɗiyan nashi," ya ce, "sun sami abin ci cikin shekarun ga biyu?"

Na ce sun samu. Ya ce to, alhamdu lillahi, ya juya fuskarsa wajen bango.

Kai ne mai ɗinke abin da ya fashe, Baba, kai ne ka yi ɓarna ka amsa ta da bakinka a tsakiyar kasuwa. Mun gode, ko da godiyar ta zo bayan ido ya tafi. Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku abin da kowa ya ƙi taɓawa, ku dubi mai shi kafin ku ce a'a. Zauren yana bayan masallacin kasuwa. Ku je ku gaishe shi, ku faɗi sunanku da ƙarfi, don ba zai gane fuskarku ba.