Ranar da ordinatar ta raba ɗ gida biyu

Lokacin rigimar tazarce aka rufe mana jami'a, na dawo Maraɗi. Kafin mu watse, malaminmu ya ba mu aiki: mu sake rubuta printf da C, harshen tsara manhaja, wato umarnin da ke fitar da rubutu da lambobi a tsare a kan gilashin ordinatar, kwamfuta ke nan. Sharaɗin shi ne harafi ɗai-ɗai za mu riƙa turawa.

A shagon buga takardu na kawuna a Sabon Gari nake yin aikin, ni da wata 'yar ajinmu da ke zuwa daga Tibiri a kabu-kabu. Mun sha wuya kafin lambobi su fito daidai. Da muka zo kan jera kalmomi, na sa sunayen garuruwa uku, Tibiri, Jiratawa da Maraɗi, kowane da lamba a gabansa. Biyu suka miƙe. Layin Maraɗi ya goce.

"Kai, ka yi kuskure wajen ƙirga," in ji ta.

Na duba, na sake dubawa. Tibiri harafi shida, Maraɗi shida. Na sa ordinatar ta ƙirga, ta ce Maraɗi bakwai ne. Na ce ta yanko biyar na farko. Ta rubuta Mara, sai wani baƙin tabo mai alamar tambaya a ciki. Ta raba ɗ gida biyu.

'Yar ajinmu ta karɓe kujerar, ta gwada da printf na asali, wanda duk duniya ke aiki da shi. Tabon nan ya sake fitowa.

Na yi salati. Ita kuwa ta dafe kai tana cewa, "Ya Ubangiji! Ashe nasu ma haka yake?" Muka gwada ƙ, muka gwada ɓ, duk haka: gurbi biyu kowane ke ci a ma'ajiyar ordinatar, printf kuma gurabe yake ƙirgawa. Ni da nake zaton abin da ya fito daga ƙasashen waje ba ya kuskure, sai ga shi ya yi a gabana.

Kawu ya leƙo. "Lafiya, ɗana? Sojoji ne?"

"A'a, Kawu, sunan garinmu ne ya gagare ta."

Ya ce shi ya daɗe yana buga d, ya ƙara ƙugiyar da biro.

Sai da muka koya wa namu gane inda harafi ke ƙarewa, layin ya miƙe. Da aka buɗe jami'a, malam ya ce bai nemi wannan ba, amma ya kwafe shi.